Kejin da Ba Shi da Baya

Ba na son kejin da jikata ta rataya a falonta, kuma na faɗa mata haka a gaban mijinta, ban rage murya ba. Na waya ne, an shafa masa ruwan zinariya, dogo, kewayayye, da kai mai tsini, an rataye shi a tsakiyar ɗaki tsakanin fanka da talabijin. Wasu 'yan tsuntsaye biyu ne a ciki, sun manne da juna kamar waɗanda ruwan sama ya kama a hanya. Ta ce, "Hajiya, ai shi ake yayi yanzu, daga waje aka kawo shi." Na ce ko daga ina aka kawo shi, wanda ya ƙera shi bai taɓa zama ya kalli tsuntsu na rabin wuni ba. Mijin ya yi dariya ya ce rigimar tsufa ce. To, tsufa na tsufa. Amma ina da bakin magana a kan wannan, domin ni ma na taɓa yin irinsa da hannuna, tun Turawa na bariki. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci na koyi riƙe alƙalami, kuma tunda yaran yanzu ba sa tsayawa a gama musu zance, gara in rubuta.

Jalingon da na buɗe ido a cikinta ba wannan ba ce. Daga ƙofar gidanmu a unguwar Turaki kana hango duwatsu tas, babu bene ko ɗaya da ya tare su, ɗakunan duk na ciyawa ne in ban da 'yan kaɗan. Da safe abin da kunne ke ji a jere yake zuwa: zakara, kiran salla, taɓarya daga gida zuwa gida, sannan matan Fulani da ƙwaryar nono, sannan matan Mumuye da suka sauko da doya da itace suna ciniki da Hausarsu muna amsawa da tamu, kowa ya fahimci kowa. Can sai a buga ƙarfe a bariki, mu san rana ta yi. A tsakanin waɗannan duka akwai kukan kanari, domin a lokacin da wuya ka wuce zaure uku ba ka ga keji a rataye ba. Tela na da nasa, mai aski na da nasa, har dukawa. Yanzu in na farka janareton maƙwabci nake fara ji, sai Keke Napep, sai rediyon mai shayi. Ko akwai tsuntsun da ke kuka a unguwar nan, shi kaɗai ya san yana yi.

Kakanninmu daga Kano suka zo da fatauci suka zauna. Babana bai gaji son ciniki ba, shi hannu Allah ya ba shi, keji yake yi. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, yayar Baba ce ta riƙe gidan, muna ce mata Goggo. Ta daɗe da aure a cikin Fulani kafin ta dawo, shi ya sa in ranta ya ɓaci Hausa ba ta isarta sai ta haɗa da Fillanci. Ni kuwa Baba "Uwata" yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Da ƙaramin yatsana na shiga sana'ar. In ya jera tsinke a jikin keji sai ya kira ni in sa yatsa a tsakani. In ya shige har gaɓa ta biyu, sai ya ce kan kanari ma zai shige, ya zare ya sake. Daga nan na koma fere tsinke, daga fere na koma huda da basilla, har na kai ina haɗa keji ni kaɗai yana zaune yana kallo. Maƙwabta na cewa wannan ba aikin mace ba ne. Baba ya ce shi tsinke bai taɓa tambayarsa ba.

Aikin na da lokacinsa, ba kamar yanzu da za ka shiga kasuwa ka fito da komai ba. Da rani ake shiga fadama a saro gwangwalar tukurwa, don da damina ruwa ne har wuya. A ɓare ɓawon a tsaga shi siri-siri, a ɗaure dami-dami a jiƙa a kogin Lamurde kwanaki, sannan a ɗora a rufin ɗakin girki saman murhu, hayaƙi ya yi ta dukansa wata da watanni. Tsinken da ya sha hayaƙi ja yake zama kamar goro, ƙwaro ba ya cinsa, kuma yana lanƙwasa bai karye ba. Ɗanye kuwa yana bushewa yana motsawa, tazarar ta buɗe, wata safiya ka tarar da keji babu kowa. Tsuntsun da kansa Baba ba ya bari ya kusanci ɗakin girki. Yakan ce hayaƙi na tsinke ne, ba na mai numfashi ba.

Yana da kanarinsa guda da ba na sayarwa ba. Ladan yake kiransa, don yakan riga ladanin unguwa tashi. Goggo ta sha cewa wannan suna rashin kunya ne, amma ita ma da shi take kiransa. Kejin Ladan shi ne mafi muni a duk abin da Baba ya taɓa yi, a ganina na lokacin. Dogo ne a kwance, gajere a tsaye, kamar akwatin da aka danne. Bayansa da gefe ɗaya an toshe su da guntun tsohuwar tabarma. A ciki ba sanduna masu santsi ba ne, rassa ne karkatattu guda biyu, ɗaya na tsamiya ɗaya na magarya, wannan a wannan ƙarshe wancan a wancan. Kullum a jikin bangon zaure yake, daidai kan Baba in ya zauna. Ina jin kunyarsa in baƙi sun zo. Ina cewa a raina, mai yi wa mutane keji mai kyau, nasa kamar na wanda bai iya ba. Ban taɓa tambayar dalili ba, shi ma bai taɓa faɗa ba, don a zatonsa na gani.

Ina da kamar shekara goma sha huɗu yanar ido ta fara rufe ganin Baba. Da farko basilla yake nema tana gabansa, daga baya fuskar mutum ma sai an yi magana yake ganewa. Ranin wannan shekara bai iya shiga fadama ba, sauran tsinken da ke rufi ya lallaɓa muka ƙarar da shi. Ya zama yawancin wuni yana zaune a zaure, shi da Ladan. Da kukansa yake sanin gari ya waye, da shirunsa yake sanin baƙo ya shigo. Da damina ta zauna, jiragen ruwa suka fara zuwa garin Lau, aka ce wani mai maganin ido ya sauka a can. Wani maƙwabcinmu mai jakuna ya ce zai kai shi. Da zai tafi bai ba ni amanar komai ba sai ɗaya. Ya ce, "Uwata, ga Ladan nan. Gero a fece, ruwa a sake sau biyu, barkono ja ranar Juma'a. In dawo in ji shi."

Kwana uku da tafiyarsa kukun Di'o, Baturen mulki, ya yi sallama. Bajukune ne, dattijo mai fara'a, kowa "Kuku" yake ce masa. Matar Di'o ce ta aiko shi da murfin gwangwanin biskit a hannu, a jiki an zana keji dogo, kewayayye, da kai mai tsini, wani tsuntsu a ciki baki buɗe. Ya ce da irin Hausarsa, "Uwargida ya ce a yi masa irin wannan, a sa a cikin ɗaki. Ina mai keji?" Na ce mai keji ya yi tafiya, amma ga 'yarsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke?" Wannan "ke" ɗin ce ta ja mini. Na ce ya bar murfin ya dawo bayan kwana bakwai.

Sai da ya tafi na tuna babu tsinke. Na hau rufin ɗakin girki na lalube, ƙura kawai. Na zauna a zaure da murfin a cinya, idona ya sauka a kan kejin Ladan. Tsinkensa dogaye ne, ja wur, sun fi kowanne shan hayaƙi, irin waɗanda za su lanƙwaso su haɗu a sama ba su karye ba. Goggo na tsinkar zogale a bakin ƙofa, ta ga inda nake kallo.

Ta ce, "Kay, ɓingel, kada ki soma."

Na ce, "Goggo, aro zan yi. In an kai wa Uwargida ai sai in yi masa sabo wanda ya fi wannan."

"Da wane tsinken? Na tsintsiya?"

"Zan samo."

"Za ki samo. Ubanki ya bar miki tsuntsu, ke kin ga gidan tsuntsu. To ni ba da bakina ba, kuma in ya tambaye ni sai na faɗa har da ƙari."

Na kife Ladan a ƙarƙashin kwando, na wargaza kejinsa a wuni ɗaya. Tabarmar na jefa a murhu, rassan ma haka.

Ba zan yi ƙarya ba don na tsufa: kejin ya yi kyau. Kwana shida na yi a kansa, yatsuna duk suka tsattsage. Na yi masa gindi kewayayye, na tayar da tsinken suka haɗu a sama na ɗaure da zaren da na rina shuɗi da baba, na fere sanduna uku santsi sumul masu kauri ɗaya na jera su wani bisa wani kamar tsani. Da na gama na saka Ladan a ciki, wai kafin Kuku ya zo. Na ɗaura igiya a tsakiyar rufin zaure na rataye shi a can, don duk wanda ya shigo ya zagaya ya gani. Aka kuwa zo. Tela ya zo, mai aski ya zo, matan unguwa suka leƙo da magariba. Wanda ya ce ba aikin mace ba ne shi ya fi kowa daɗewa yana zagayawa. Ni kuwa ina tsaye a gefe, kaina ya yi girma har ba ya shiga ɗankwali.

Kwana bakwai suka cika Kuku bai zo ba. Ashe Di'o ya fita rangadi ya tafi da shi. Ladan ya zauna a sabon keji, kuma tun ranar farko bai yi kuka ba. Na ce baƙunta ce. Sai ya riƙa bin jikin kejin yana zagayawa, yana zagayawa, kamar mai neman ƙofa, ya hau har can sama inda tsinken suka matse ya rataye da ƙafa yana haki. Sau ɗaya farcensa ya maƙale a wurin sai da na sa basilla na cire. Duk wanda ya shigo zaure ta ko'ina, sai ya buga kansa a ɗaya gefen. Kyanwa ta wuce ta kan katanga, ya buga. Kejin kuma yana lilo a igiya in iska ta shigo. Na ƙara gero, na ba shi barkono ba ranar Juma'a ba, na dafa masa ƙwai, na tsaya ina yi masa fito kamar yadda Baba ke yi. Rana ta biyar da shigarsa ya bar hawa sandunan. Ya sauka ƙasan kejin ya kumbura gashi, ido rabi a rufe, geron yana nan yadda na zuba. Goggo ba ta ce "na gaya miki" ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Takan zo ta tsaya ta dube shi, ta dube ni, ta koma ciki.

Ranar da ya cika kwana bakwai a kejin, da la'asar, na ji jakuna a ƙofa. Na fita da gudu, ina ganin yadda maƙwabcin ke riƙe da hannun Baba na san tafiyar ba ta yi ba. Idon dama da yake ɗan ganin haske da shi, shi ma ya tafi. Ya amsa sannu da zuwa, ya laluba bango ya zauna a wurinsa, ya sha ruwa. Sannan ya karkata kai gefen da kejin yake a da, ya yi shiru yana saurare. Ban taɓa jin zauren nan ya yi shiru irin na ranar ba.

Ya ce, "Uwata, ya mutu ne?"

Na ce, "A'a, Baba. Sabon keji na yi masa." Bakina ya ci gaba shi kaɗai, ina ba shi labarin Kuku da murfin biskit, da mutanen da suka zo kallo, da abin da tela ya ce. Ina cikin faɗa na tuna ba zai taɓa ganinsa ba.

Ya ce, "Sauko mini da shi."

Na kwance igiyar na ɗora masa a cinya. Ya sa tafin hannu biyu ya fara shafawa daga gindi. Ya gwada tazarar tsinken da farce ya ce, "Wannan daidai." Ya taɓa ɗaurin ya ce, "Wannan ma." Ya shinshina, na ga ya gane tsinken wane keji ne, amma ya wuce. Sai ya fara juya shi a hankali. Ya juya, ya juya, har ya dawo inda ya fara, ya sake juyawa.

Ya ce, "Ina bayansa?"

Na ce, "Ba shi da baya, Baba. Ko ta ina ana gani."

"Ko ta ina ana gani," ya maimaita. "Ke da kika zo zama yanzu, ina kika zauna?"

Na duba. A jikin bango nake, shi ma a jikin bango, Goggo ma a bakin ƙofa ta jingina da dogarin ƙofar.

Ya ce, "Abin da bai kai loma ɗaya ba, komai na duniya cinsa yake yi. A daji in ya sauka, sai ya sa ganye a bayansa, ya tsare gaba kawai. Ke kin ba shi gaba huɗu ya tsare, dare da rana, yaushe zai ci, balle ya yi waƙa? Kuma kin taɓa ganin kanari ya tashi tsaye sama kamar hayaƙi? Daga nan yake zuwa can. Wannan tsawon na mai kallo ne, shi bai ƙare shi da taki ɗaya ba." Ya zura yatsa ya taɓa sandunan. "Waɗannan kuma, ki riƙe taɓarya wuni guda ba ki sauya riƙo ba, ki ji abin da hannunki zai ce. Rassan nan ba don na rasa wuƙa na bar su a karkace ba."

Bai ɗaga murya ba, kuma ban taɓa jin duka irin wannan ba. Ya warware rawaninsa mai ƙurar hanya ya lulluɓe rabin kejin da shi, ya ce in kafa shi a jikin bango yadda ba zai motsa ba. Muka zauna muna jira. An jima, Ladan ya ja jiki ya shige gefen da aka rufe. An ƙara jimawa muka ji ƙas, ya fasa ƙwayar gero ɗaya. Baba ya ce, "Yana so ya rayu. Amma wannan na yau ne kawai. In bai miƙe fiffike ba a 'yan kwanakin nan, ba zai sake miƙewa ba."

Kafin magariba sai ga Kuku, sun dawo daga rangadi. Ya ɗaga gefen rawanin ya leƙa, ya riƙe baki, ya ce ya fi na jikin murfin. Ya ce gobe da hantsi zai zo ya ɗauka, kuma in Uwargida ta gani, babban aiki na nan tafe, don tana son a yi mata wani kamar ɗaki guda a barandarta, mutum ya shiga a tsaye. Ya ce duk bariki sai sun san sunana. Da ya fita na dubi Baba. Ni da shi mun san babu wani tsinke a garin sai bayan damina, kuma in kejin ya tafi, kwando ne gidan Ladan har rani. Na jira ya ce kada in bayar, don in samu wanda zan yi wa fushi. Ya ƙi. Ya ce, "Hannunki ne ya yi shi, Uwata. Ni ko ganinsa ban yi ba." Goggo ta ce, "Ni na gani, kuma tuwo na hucewa."

Washegari, bayan salla, na shimfiɗa tsumma a kwando na mayar da Ladan ciki, na ɗora wa Baba a cinya ya rufe da gefen rigarsa. Na ɗauki kejin na fito da shi bakin zaure inda haske yake, na dube shi sau ɗaya, na sa wuƙa a zaren da ke sama. Tsinken suka buɗe gaba ɗaya. Na zare su ɗaya bayan ɗaya na jiƙa a kwatanniya don su miƙe, na aiki kaina gindin tsamiyar masallaci na karyo reshe, Goggo ta jefo mini tabarmar da take zama a kai. Da hantsi Kuku ya iso ya tarar da ni a cikin tarkace. Ya ce, "Innalillahi! Yarinya, me zan gaya wa Uwargida?" Na miƙa masa murfinsa na ce ya gaya mata da rani za a yi mata keji in tana so, amma mai baya, kuma a kwance. Ya tsaya yana ta magana, ni kuwa na jawo gwangwala na matsa kusa da Baba.

Na ce, "Baba, tsawon nawa?"

Ya ce, "Kamu biyu, da nawa hannun, ba da naki ba."

Na ce ya miƙo. Ya miƙo, na ɗora gwangwalar daga gwiwar hannunsa zuwa yatsa, na sa alama da wuƙa.